Bon Ɗin Mai Takaba

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Kilomita Biyar sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ku dai samari masu tasowa, musamman ku da aka ɗauko daga gida aka kawo ku tsaron shago a ƙasar mutane, da ku nake.

Ni mutumin Tasawa ne, a ƙasar Nijar. Ubana manomi ne, kuma kaf zuriyarmu ba a taɓa kama wani da ko allurar mutane ba. Na yi allo, na ɗan taɓa boko har na iya karanta lamba da ɗan Faransancin da ba zai kai ni ko'ina ba. Wani ƙanin uwata mai bin manyan motoci shi ya yi mini hanyar Bangui, babban birnin ƙasar Afirka ta Tsakiya. Ya kawo ni Kasuwar Kilomita Biyar, ya damƙa ni a hannun Alhaji Mamman mai babban shagon kayan abinci, ya ce in riƙe amana, ya hau motarsa ya koma hanyar Kamaru. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba.

Alhaji ba mugu ba ne, magana ce dai ba ta dame shi ba. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci. In ya fara zance da Hausa sai ya ratsa ta Sango, harshen da duk garin ke yi, ya je ya sauka a Faransanci, ni kuwa in tsaya ina gyaɗa kai kamar na gane. Sauran ma'aikatan shagon Sango suke yi zalla. Sun sa mini suna Sannu-sannu, don ita ce kalmar da suka fi ji a bakina. A sito nake kwana, tsakanin buhuna. Ranar Juma'a in je Masallacin Koudoukou, kafaɗa ta gogi kafaɗa saboda cika, amma da an sallame kowa sai ya sami wanda za su jera su tafi gida, ni in dawo ni kaɗai. Wallahi akwai ranar da na kama kaina ina ba buhun wake labarin garinmu.

To, a lokacin akwai wata ƙungiyar agaji da ke taimakon waɗanda rikicin garin ya raba da gidajensu. Ba hatsi suke rabawa ba, takarda ce suke bayarwa duk wata, ana ce mata bon. Mai bon zai zo shagon da aka zaɓa, a ba shi shinkafa da wake da mai da gishiri gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, daga baya mai shago ya kai takardun a biya shi. Shagonmu na cikin waɗanda aka zaɓa. Mutane sun ji daɗin abin ƙwarai, don ɗan kuɗin da za su zuba a cefane sai ya tafi wajen gawayi da sabulu da magani. Mata kuwa sun ƙware a kansa. Sun san ranar da sabon wake ke sauka, sun san in ka rage sukari za ka ƙara mai, kuma kowace ta kafa wa mudu ido har sai ya yi tozo. Abu ɗaya ne yawancin tsofaffin ba su sani ba, wato abin da aka rubuta a takardar, don lamba ce da Faransanci.

Ranar karɓar bon na fara ganin Inna Asabe. Ta zo da mijinta Malam Sule, wani tsoho mai wankin hula. Buhu ne ya kuɓuce ya taka mini ƙafa, na yi ƙorafi da Hausa, sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Kai, wannan Hausar ta ina ce?"

Na ce, "Ta Tasawa ce, Inna."

Ta tafa hannu ta ce, "Lale marhabin! Malam, ka ji ɗan gida. Ni 'yar Damagaram ce. Amma Ɗan Tasawa, ba sa ba ka abinci ne a shagon nan? Ga ka kamar sillen kara, a tsakiyar buhuna."

Tun zuwana garin ranar na fara dariya har cikina. Daga nan duk wata ina jiran ranar bon kamar ranar salla. Da ita da Malam a unguwar Miskine suka yi zamansu tun suna da ƙuruciya, rikici ne ya koro su Kilomita Biyar, suka sami ɗaki guda a wani gidan haya. Mutanen gidan duk Sango suke yi, wasu da Larabcin Chadi. Tsararrakinta masu jin Hausa kuwa, wasu sun rasu, wasu sun bi motoci sun bar ƙasar. Ita Sangonta na sayen tumatir ne kawai, ta ce harshenta ya ƙi lanƙwasuwa.

Ana nan sai Malam Sule ya kwanta, bai tashi ba. Inna ta shiga takaba. Kun dai san takaba, wata huɗu da kwana goma mace na zaune a ɗakinta, ba ado, ba yawo. Malamai sun ce in larura ta kama tana iya fita, amma irin su Inna mutanen da ne, ko zaure ba za su leƙa ba. Dokar bon kuwa ita ce mai takarda ya zo da ƙafarsa. Alhaji ne da kansa ya je ya roƙi mutanen ƙungiyar, ya ce wannan addininmu ne, a bar masu takaba su aiko. Suka yarda saboda girmansa. Matar mai unguwa ke kai wa kowace bon ɗinta har ɗaki, sai ta ba wanda ta amince da shi ya karɓo mata. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai ne mai Hausarta, kai za ka riƙa kai mata."

Karon farko na kai mata kayanta cif, ko ƙwayar wake ban taɓa ba. Akwai wani tsohon turmi a kife a ƙofar ɗakinta, a kai nake zama, ita kuma tana bayan labule. Duk tsawon takabar ban ga fuskarta ba, murya ce kawai da hannu. Hannun zai fito ta ƙarƙashin labule ya turo mini kwano, tuwon shinkafa da miyar kukar da take ɓoyo tun ran da wani ya kawo mata tsaraba. Ina ci tana ba ni labari. Labarin Damagaram, da gidansu na Miskine mai bishiyar mangwaro, da maƙwabciyarta Kirista da ta ɓoye su a ɗakin girki ranar da gari ya rikice. Da labarin ɗanta guda, Habu, wanda ya hau motar Kamaru ya ce zai aiko a ɗauke su, har yau shiru. In na tashi tafiya ta ce, "Gobe ma ka leƙo, Ɗan Tasawa. In ba ka zo ba, bakina har tsami yake yi." Na riƙa zuwa ko ba ranar bon ba. Ba don Allah kaɗai nake zuwa ba, ni ma ba ni da kowa sai ita.

Yanzu za ku ce, to me ya kai ni? Waya ce. Kowa a kasuwa yana da babbar waya, ni ina fama da wata 'yar ƙarama mai fasasshen gilashi wadda sai an ɗaure ta da roba. Ina so in riƙa ganin fuskar uwata in na kira gida, ina so in riƙa jin waƙoƙin garinmu a sito. Ba yunwa nake ji ba, ba kuma wanda ya matsa mini. A bayan inda motocin Kamaru ke sauke kaya akwai wani mutum, Gambo, mai sayen duk abin da aka kawo masa ba tare da tambaya ba. Wata rana na wuce da kayan Inna a kai, ya kira ni ya ce, "Ɗan samari, duk wannan na tsohuwa ɗaya ne? Ai ba za ta iya cinyewa ba, ƙwari ne za su ci." Na yi tsaki na wuce. Amma maganar ta bi ni har sito.

Da gwangwanin tumatir biyu na fara. Na ce a raina ai ladan ɗauko ne. Ba ta lura ba, ko kuwa ta lura ta yi shiru. Wata na gaba na tsaya wajen Gambo na sauke rabin shinkafar da rabin waken da kwalbar mai guda. Da na isa ƙofarta, hannun ya fito ya ja kayan ciki, sai ta ce, "Yau kayan ba nauyi."

Ƙaryar ta fito daga bakina sumul, kamar da ma tana jira. Na ce, "Inna, ai masu agajin sun rage bon. Sun ce kuɗi ya yi musu ƙaranci, kowa rabi ake ba shi yanzu."

Ta ce, "Allah sarki. To, Allah ya saka musu da alheri. Ko rabin ma ai ba gadonmu ba ne."

Shi ke nan. Ba ta da hanyar bincike. Ba ta fita, ba ta karatu, matan gidan kuma ba bon suke karɓa ba, balle ta ga nasu. Na gane cewa takaba ta ɗaure mini ita tamau, kuma maimakon in ji tsoron Allah sai na ji daɗi.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne wata ƙarya da ban ma buƙace ta ba. Ran nan ta ce man ya yi saurin ƙarewa. Na koma na ɗebo kaɗan daga nata da na ɓoye ban kai wa Gambo ba tukuna, na kawo mata a 'yar kwalba, na ce da kuɗina na saya mata. Tsohuwar nan ta fashe da kuka a bayan labule. Ta yi ta sa mini albarka, ta yi wa uwata addu'a, ta ce Allah ya ɗauke mata Habu ya musanya mata da ni. Ni kuwa ina zaune a kan turmi, hannu a buɗe, ina cewa amin, amin.

Kuma ba ta daina ba ni tuwo ba. Daga cikin rabin da na bar mata take tuƙa mini, in cinye in lashe hannu. Akwai wata mata a gidan, Maman Fatime, da ke kawo mata ruwa. Wata rana ta tare ni a zaure tana ta magana da Sango, tana nuna ɗakin Inna, tana nuna baki, tana kaɗa yatsa. Na gane sarai, cewa take tsohuwar ba ta cin abinci. Na yi kamar ban gane ba. Na kuma ga hannun da ke turo kwano yana ƙara sirancewa, har jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa. Na tambaye ta sau ɗaya ko lafiya, ta ce, "Tsufa ne, ci abincinka. Kai ne mai ɗaukar buhu." Na ci.

Labari ya bazu a unguwa cewa akwai wani yaron Alhaji mai amana. Wasu matan masu takaba suka riƙa aiko mini da nasu bon ɗin, don a shekarun nan zawarawa ba su yi wuya a Kilomita Biyar ba. Duk na yi musu yadda na yi wa Inna. Na sayi wayar, na sayi takalmi, na fara cin tsire da yamma. Na kira uwata ta ga fuskata ta ce na yi ƙiba, lalle ina hannun mutanen kirki.

Ban manta cewa takaba na ƙarewa ba, kada ku ɗauka wawa ne ni. Na shirya komai. Na ce bon na ƙarshe kafin ta fita zan kai mata shi cikakke, in ce masu agaji sun sami kuɗi sun mayar da shi yadda yake. In ta fito ta je shago da kanta, za ta tarar da abin da na faɗa, magana ta mutu. Akwai kalanda a bangon shago, irin ta bature, da ita na ƙirga watannina tun daga rasuwar Malam, na ɗora kwana goman a kai, na ga ina da sauran 'yan kwanaki a hannu. Abin da ban tuna ba, ni da na yi allo, shi ne Inna ba ta san wata kalanda ba. Ita jinjirin wata take bi. Duk ƙarshen wata sai ta sa Maman Fatime ta duba mata sama. Watan sama kuwa bai kai na bature tsawo ba, kwana ɗaya nan, biyu can, har suka taru suka cinye ranakun da nake taƙama da su.

Da hantsi ne, shago cike da masu bon, ina kan awo. Sai na ji an ce, "Salamu alaikum, ina Ɗan Tasawa?" Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce tsaye da sabon lulluɓi, ta dogara da sanda, ta rame har na kasa gane ta sai da ta yi dariya. Jiya aka kai mata sabon bon, yau ta yi wankan fita takaba, ta ɓoye mini don ta ba ni mamaki. Mudun da ke hannuna ya zube a ƙasa.

Alhaji ya taso da kansa ya gaishe ta, ya sake yi mata ta'aziyya, ya sa aka ba ta kujera. Ya karɓi takardar ya ce yau shi zai auna mata. Ya auna shinkafa, ya auna wake, ya jero kwalaben mai da gishiri da tumatir, ya tara a gabanta. Inna ta dubi tulin kayan, ta dubi Alhaji, ta ce, "A'a, Alhaji, ka yi kuskure. Wannan ai na mutum biyu ne. Mayar da rabi, kada ka sa ni cin haram da tsufana."

Alhaji ya ce, "Naki ne, Inna. Abin da ke takardar ke nan."

Ta ce, "Ba an rage ba? Ai tun watannin baya aka rage. Tambayi yaronka. Yaron nan, Alhaji, da ma na zo ne in yi maka godiya a kansa. Da aka rage ɗin, har da kuɗinsa yake ƙara mini mai. Ka riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa."

Waɗanda ke jin Hausa suka juya wa sauran da Sango, na ga maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har ƙofa. Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, da Hausa tsantsa wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, "Yaushe aka rage?"

Na kau da kai. Inna ma ta so ta kare ni, ta ce, "Ko dai a hanya yake zuba? Buhunan yanzu ba su da ƙwari." Ta dube ni. Tun rasuwar Malam ranar ce ta fara ganin fuskata, ta ga kumatun da na yi, ta ga sabon takalmi, ta ga wayar da ta leƙo daga aljihu. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya wajen Alhaji ta roƙe shi ya sa wani ya ɗaukar mata kayan, amma da Sango ta yi roƙon, da wannan gurguwar Sangon tata ta sayen tumatir, tana lalubo kalmomi ɗaya-ɗaya. Na ce, "Inna." Ta amsa wa wani can da ke mata sannu, da Sango. Har ta fita daga shagon ba ta ƙara furta kalmar Hausa ko ɗaya ba.

Alhaji ba shi da zaɓi, don sunansa ne a wajen masu agajin. Kafin azahar jandarmomi sun zo. Da aka bi gidajen sauran matan, asiri ya gama tonuwa. Aka kai ni gaban Gambo, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba. A kotu alƙali na Faransanci, tafinta na juyawa da Sango, ni ina tsaye ina kallon bakinsu. Sai da wani ya nuna mini da yatsu na san abin da aka yanke mini.

Damina biyu ta same ni a gidan kaso. Ba zan cika ku da labarin ciki ba, wahala dai wahala ce. Amma ku sani, a can wanda ke da dangi shi ke cin abinci mai kyau. Ranar ziyara ana tsayawa a tsakar gida ana kiran sunaye, kowa ya je ya karɓo kwanonsa. Ban taɓa fashin tsayawa a wurin ba, kuma ba a taɓa kiran sunana ba. Ban aika gida ba, don na gwammace uwata ta ɗauka na mutu. Wani dattijo Kirista, Baba Jozef, shi ya ga ina haɗiyar yawu ya riƙa gutsuro mini gozo, tuwon rogon da matarsa ke kawo masa. A bakinsa na koyi Sango, don ba wanda zan yi Hausa da shi. Na ci abincin sadaka na gane yadda cikin mai jiran hannun wani yake, na tuna tsohuwar da ke raba rabi biyu ta ba ni babban kashi.

Wani da aka kawo daga unguwarmu ya ba ni labarin da ya ƙarasa ni. Ya ce bayan abin da na yi, masu agajin sun soke aike gaba ɗaya, kowa sai ya zo da ƙafarsa. Ya ce yanzu za ka ga mace mijinta bai yi arba'in ba, ta lulluɓe har ido, tana tsaye a layin bon tana hawaye, wasu kuma sun ƙi fita sun zauna da yunwarsu. Alfarmar da Alhaji ya roƙo wa matan unguwa, ni na sayar da ita a kan waya.

Akwai malamin da ke zuwa yi mana wa'azi. Na same shi na ce na tuba, ina salla, ina azumi, ko Allah zai karɓa? Ya ce abin da ke tsakanina da Allah mai sauƙi ne, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa. Daga ranar ba ni da wani buri sai in fita in durƙusa a ƙofar Inna. Na shirya maganar da zan faɗa, na gyara, na sake gyarawa. Na ce ko da Sango ta amsa mini, yanzu ina ji.

Ranar da aka sake ni ban nemi ruwan wanka ba, a ƙafa na taho har Kilomita Biyar. Na shiga gidan na tarar da wani tela a ɗakinta, keke na ta ƙara. Maman Fatime na wanki a tsakar gida. Ta gane ni, ta tsame hannunta daga ruwa. Na gaishe ta da Sango, ta yi mamaki, sannan na tambayi Inna.

Ta ce, "Lo kui awe." Ta rasu, tun daminar bara.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ta yi maganata?"

Ta ce, "Da tana da lafiya, ko sau ɗaya. In an ambace ka sai ta tashi ta shiga ɗaki. Amma da ciwo ya yi tsanani, ɗan Sangon nata ya gudu, ta koma yarenku. Kwana da kwanaki tana magana, mu muna zaune muna mata fifita, ba mai ji. Mun aika a kira Alhaji, aka ce ya tafi Kamaru sayo kaya. Kafin ya dawo an binne ta."

Na ce, "Ba ki riƙe ko kalma ɗaya ba?"

Ta yi tunani ta ce, "Akwai wadda take yawan maimaitawa. Tasawa, Tasawa. Mun ɗauka sunan ɗanta ne."

Na ce, "Da take faɗa, fuskarta fa? Fushi take ko me?"

Ta ce, "Ɗana, fuskar mai ciwo ce. Ban sani ba."

Yau ina tura baro a kasuwar nan, ina ɗaukar wa mutane kaya, abin da na samu da gumina shi nake ci. Na bi sauran matan gida-gida, wasu sun yafe, wata ta watsa mini ruwan wanke-wanke, kuma ta yi daidai. Alhaji yana amsa sallamata amma ba ya ɗaga kai. Na nemi kabarin Inna, ba wanda ya iya nuna mini takamaimai. Ina yi mata sadaka in na samu, ina yi mata addu'a, amma ban san ko tana so daga bakina ba.

Ku samari, ga abin da zan ce muku. Kada ku raina ɗan abin da hannu ya fara ɗauka, ni da tumatir na fara. In aka ba ku saƙon wanda ba ya iya fita, ko ba ya iya karatu, ko ba shi da mai tsaya masa, ku kai masa abinsa cikakke ko da za ku kwana da yunwa, don ya ba ku ne saboda ba shi da kowa. In kaɗaici ya dame ku a ƙasar mutane har Allah ya haɗa ku da mai ce muku ɗana, kada ku ci shi. Wanda kuma ya riga ya ci haƙƙin wani, ya ajiye wannan takarda yanzu ya tafi ya same shi tun yana iya amsawa. Ni na je na tarar da tela. Tsohuwar nan ta yi ta kirana a kan gadon mutuwarta, ko yafe mini take yi, ko Allah ya isa take ja mini, duk garin nan ni ne ya kamata in zauna kusa da ita in ji, kuma ina kulle saboda abincinta da na sace.